Daga Deira Zuwa Jabal Ali: Inda Dillali Ya Koma Cikin Waya

Tun kafin baƙo ya ɗauki jakarsa a filin jirgin saman Dubai ake fara yi masa tallan gida. Allunan da ke haskaka hanyar fita, da yawansu na kamfanonin gine-gine ne, kowanne da hoton bene mai kallon teku da alkawarin biya kaɗan-kaɗan. Da ya kunna waya kuwa sai abin ya bi shi har aljihu. Instagram da TikTok da YouTube sun gane inda ya sauka, sai ga samari da 'yan mata cikin kwat suna zagayawa da shi falo da kicin da baranda cikin daƙiƙa 30. Ɗan kasuwar Kwari ko Wambai da ya zo saro leshi da turare, wanda bai taɓa tunanin mallakar ko shago a ƙasar Larabawa ba, kafin ya kwana biyu ya san farashin ciki da falo a unguwannin da bai taɓa takawa ba. Duk wanda ya ga haka zai ce waya ce ke sayar da gida a Dubai, kuma dillalin da ya iya riƙe kyamara shi ya ci kasuwa. Ban gamsu da wannan ba. Abin da tafiya daga wannan ƙarshen birnin zuwa wancan ke nunawa shi ne waya ta sa nuna gida ya yi araha har ya kusa zama banza. Abin da ke ba tallan daraja yana can wani wuri, a kundin hukumar filaye, kuma wata 'yar alama da ake maƙalawa a gefen hoto ce ke haɗa su biyun.

Hanya mafi sauƙi ta ganin birnin ita ce jirgin ƙasan nan maras direba, jan layi, wanda aka buɗe ranar 9 ga Satumba 2009. Daga filin jirgi yake nutsawa ƙarƙashin Deira, ya ratsa ƙarƙashin mashigin ruwan da ya raba tsohon gari biyu, sannan ya ɓullo ya hau gada ya bi gefen titin Sheikh Zayed. Daga nan matafiyi ya zama ɗan kallo. Dama da hagu benaye ne na gilashi, a tsakaninsu alluna masu tsawon da sai jirgi ya ɗan yi tafiya kafin a karanta ƙarshensu, Emaar da Damac da Nakheel da Danube kowa na kiran mai saye. Har sunayen tashoshin an sayar wa masu talla: tashar da ke bakin Marina sunan kamfanin Sobha Realty take ɗauke da shi, kuma kafin nan ta taɓa amsa sunan Damac. Dalilin wannan ɗimbin kira yana cikin tarihin kasuwar. Sai a 2002 aka ba baƙi damar mallakar gida a wasu keɓaɓɓun unguwanni, doka ta tabbatar da hakan a 2006. Kusan mutum tara cikin goma na mazauna birnin baƙi ne, kuma wani babban kaso na masu sayen ma ba mazauna ba ne, suna Mumbai da Landan da Mosko da Karachi da Legas. Dirhami a ɗaure yake da dala, kimanin 3.67 kan dala ɗaya, saboda haka mai gudun faɗuwar kuɗin ƙasarsa yana ganin gidan Dubai wurin ajiya ne. Kasuwar da mai sayenta ke nesa da sa'o'i bakwai a jirgin sama dole ta koyi yin ciniki da wanda ba ya nan.

A Business Bay ake sauka idan ana son ganin masu sana'ar da ido. Ofisoshin dillalai ne hawa bisa hawa, kuma wanda ya leƙa ciki zai ɗauka ofishin kamfanin waya ne: dogayen tebura, kowa da kwamfuta da abin saurare a kunne, a wani lungu fitila da ƙafar ɗora kyamara don ɗaukar bidiyo. Da yawansu ba su da albashin kirki, la'ada ce abincinsu. A gidan da aka gama, abin da aka saba shi ne kashi 2 cikin 100 daga mai saye. A wanda ba a gina ba, kamfanin ginin ne ke biya, kuma yakan fi haka tsoka, shi ya sa bakinsu ya fi zaƙi a kansa. Ranar dillali tana farawa ne da manyan shafukan talla, Property Finder da ya soma da wannan suna a 2007, da Bayut na 2008, da dubizzle da ya riga su tun 2005. Yana biya a ɗora masa gida, yana ƙara biya a ɗaga shi sama. Mai nema ya danna, saƙo ya faɗo WhatsApp ɗinsa, wanda ya riga amsawa shi ke da ciniki. Wani abin da ke ba baƙo mamaki shi ne kiran murya na WhatsApp a toshe yake a ƙasar, sai dai rubutu da saƙon murya da bidiyo, ko a koma manhajar Botim. Sauran kayan aikin kowa ya san su yanzu: hoton da ake juyawa a ga kowace kusurwar ɗaki, jirgi maras matuƙi da ke ɗauko bene daga sama, da tabaran da ake sa wa mutum a ɗakin baje koli ya yi ta yawo a cikin falon da ko harsashinsa ba a haƙa ba.

Matsalar ita ce duk waɗannan kaya suna hannun kowa, mai gaskiya da maƙaryaci. Wanda ya sauka a Marina da yamma ya bi bakin ruwa yana duba waya zai ga bene ɗaya, wanda yake tsaye a gabansa, da tallace-tallace barkatai, wasu hotonsu ɗaya farashinsu dabam. An daɗe ana kuka da dabarar nan ta tallan tarko. Dillali ya ɗora gida mai kyau a farashin da ya yi ƙasa da kasuwa, alhali an sayar da shi tuni ko ma bai taɓa zuwa hannunsa ba. Ka tuntuɓe shi, ya ce ai wannan jiya ya tafi, amma akwai wani makamancinsa. Lambar wayarka yake nema tun farko, kuma ya samu. Ga gilashin kyamara mai faɗaɗa ɗaki, ga ƙirƙirarriyar basira da ke zuba kujeru da labule a ɗakin da ba kowa, ta goge ginin da ya tare taga, ta mayar da hazo shuɗin sama. Da ƙarya ta yi araha haka, mai gaskiya ne ya fara yin asara, domin mai saye ya daina bambance su. Shafukan da kansu sun ga kasuwarsu na neman lalacewa, shi ya sa Bayut ya fito da tambarin TruCheck, wanda dillali ke samu idan ya je ƙofar gidan da wayarsa ya tabbatar yana nan. A Fabrairun 2024 kuma hukuma ta ba dillalai kwana 3 su sauke duk gidan da ba ya kasuwa, ta kuma ci tarar kamfanoni dirhami 50,000 kowanne kan saɓa ƙa'idar talla.

Kafin a fahimci dalilin wannan tsanani sai an ci gaba da tafiya kudu, a wuce Marina, inda benaye ke raguwa rumbunan ajiya da yashi su karɓi hanya. Can a gaɓar Jabal Ali akwai tsibirin da aka cike teku aka yi shi da siffar dabino, wanda ya fi na Jumeirah girma. An fara shi a farkon shekarun 2000, an sayar wa mutane gidaje a kansa daga zane, rikicin kuɗi na 2008 ya tsayar da aikin, ya zauna yashi tsirara fiye da shekara goma, sai a 2023 aka sake ƙaddamar da shi. A wancan rikicin farashin gidaje ya faɗi da kusan rabi, a Nuwamban 2009 kamfanin gwamnati Dubai World ya nemi a jinkirta masa biyan bashi, ayyuka da dama suka mutu da kuɗin mutane a ciki. Abin lura shi ne tallan wancan zamani bai gaza na yau kyau ba. Zanen kwamfuta ne masu sheƙi, da bukukuwan baje koli, da mutane a layi tun dare don kama gida su sayar da takardar gobe da riba. Wanda ya yi asara a 2009 ba ƙarancin hoto ya cuce shi ba. Kuɗin da ya bayar kafin alƙalami ne aka ɗauka aka sayi wani fili da su, kuma ba shi da hanyar sanin hakan. Yau ma fiye da rabin cinikin gidajen Dubai na waɗanda ba a gama ba ne. Duk wanda ya ratsa unguwannin bayan gari irin su Jumeirah Village Circle zai ga injinan ɗaga kaya sun cika sama, a jikin katangar langa-langa kuma hoton lambu da tafkin wanka da yara na wasa.

Amsar da hukuma ta bai wa wannan matsala tana Deira, inda yawancin 'yan kasuwarmu ke sauka dama. A titin Baniyas, daura da inda jiragen katako ke lodin firji da buhuna zuwa Iran da gaɓar Afirka, kuma ba nisa da inda kwale-kwale ke tsallakar da mutane kan dirhami 1, nan hukumar filayen Dubai take. An kafa ta a 1960, ta girmi tarayyar Daular Larabawa da shekara 11. A 2007 aka yi mata reshe mai kula da dillalai da kamfanoni, wanda kowa ke kira RERA. Tsarin da suka ɗaure talla da shi ba shi da wuyar fahimta. Dillali sai da katin hukuma mai lamba. Kafin ya tallata gida sai mai gidan ya sa masa hannu a takardar wakilci. Da wannan takarda yake neman izinin talla a tsarin Trakheesi, kuma izinin na wannan gidan ne shi kaɗai. Tun daga Afrilun 2023 kowane talla, a allo ko a jarida ko a intanet, dole ya ɗauki alamar nan mai murabba'i da ake haskawa da kyamarar waya, wadda suka sa wa suna Madmoun. Ka haska, sai ta kai ka shafin hukuma, ka ga kamfanin da ke da izinin, da bayanin gidan, da ko izinin na aiki. Idan gini ne da ba a gama ba, dokar 2007 ta ce kuɗin mai saye asusun amana na wannan aikin za su shiga, ana sakar wa kamfani gwargwadon yadda gini ya tashi, a kuma yi wa cinikin rajistar wucin gadi a tsarin Oqood. A manhajar Dubai REST mutum na iya ganin kashi nawa aka kammala. Farashin da aka yi ciniki a kai ma ba sirri ba ne, domin sai an biya hukuma kashi 4 cikin 100 ake sauya suna, kuma alƙaluman na fitowa fili.

Za a ce ai ba wanda ya taɓa sayen gida don ya ga lambar izini ta burge shi. Bidiyo ne ke motsa zuciya, kuma dillalin da ke da mabiya dubu ɗari ya fi mai tarin takardu samun ciniki. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar gaskiya ba ce. Amma a duba inda bidiyon ke tsayawa. Yana kawo mutum ya tambaya, ba ya sa shi ya tura dirhami miliyan 2, wanda shi ne adadin da ke ba mai gida damar neman bizar zama ta shekara 10. Tsakanin tambaya da tura kuɗi akwai rami, kuma mai saye na nesa ba ya tsallaka shi sai ya ga abin da ba dillalin ne ya rubuta ba. Da hoto kaɗai ke sayar da gida, da biranen da dillalansu suka iya TikTok kamar na Dubai sun ja kuɗin baƙi kamar yadda take ja, domin wayar iri ɗaya ce, manhajar ma ɗaya. A 2024 cinikin gidaje a birnin ya haura dirhami biliyan 500. Akwai wasu dalilai, babu shakka, irin su rashin harajin albashi da tsaro da jiragen da ke zuwa ko'ina. Sai dai kusan duk waɗannan suna nan a 2008, kuma ba su hana mutane asara ba. Abin da ya ƙaru shi ne wanda ke Kano ko Kolkata yana iya binciken maganar dillali ba tare da ya roƙi dillalin ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na jin za a iya ture ta gaba ɗaya. Kundi mai tsafta ba ya nufin kuɗi masu tsafta. A 2020 cibiyar Carnegie ta fitar da binciken Matthew Page, wanda ya gano kadarori kusan 800 a Dubai masu alaƙa da 'yan siyasa da manyan jami'an Nijeriya da iyalansu, darajarsu ta haura dala miliyan 400. Daga Maris 2022 zuwa Fabrairun 2024 ƙasar na cikin jerin da hukumar FATF ke sa wa ido kan halasta kuɗin haram. Rajistar da ke kare mai saye ita ce kuma ta kare wanda ya saci kuɗin asibitin garinsu. Bayan wannan, alamar Madmoun tana gaya maka gidan yana nan kuma an ba da izinin tallata shi. Ba ta gaya maka ko ya kai kuɗinsa. Ba ta faɗin kuɗin hidimar bene da ake biya duk shekara, wanda ke cin wani yanki na hayar da aka yi maka lissafinta a bidiyo. Ba ta faɗin benaye nawa za a kammala a layin a shekara ɗaya da naka, kowa na neman ɗan haya. Ranar 16 ga Afrilu 2024 aka yi ruwan da ba a taɓa auna irinsa ba tun da aka fara ajiye alƙaluma a 1949, wasu unguwanni suka kwana da kwanaki a ruwa, motoci suka nutse a garejin ƙarƙashin ƙasa, wasu kuma ko a jikinsu. Babu tallan da ke nuna wanne ne wanne. Na yarda da duk wannan, sai dai ina ganin bai rushe maganar ba, iyakarta ya nuna. Hukuma ta ɗauke wa mai saye tambayar ko akwai gidan, ta bar masa ta ko ya dace.

A nan ne kuma masu cewa fasaha za ta kori dillali suke kuskure. An gwada a Amurka. Kamfanin Zillow ya ɗora wa kwamfuta ƙiyasin farashi ya shiga sayen gidaje da kansa, a Nuwamban 2021 ya rufe wannan reshe bayan asara mai yawa, ya sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. A Dubai yawan dillalai ƙaruwa yake yi. Abin da ya mutu shi ne dillalin da jarinsa kawai sanin inda gida yake da ɓoye farashi, domin yanzu yaro ma na iya ganin nawa aka sayar da na maƙwabci a watan jiya. Wanda ya rage shi ne wanda ya san lif ɗin wane bene ke yawan lalacewa, wane kamfani ke miƙa makulli a kan lokaci, wace taga za a toshe da sabon gini baɗi. Ba na cewa duk masu sana'ar haka suke. Da yawa sun zo ne da kwat ɗaya da waya, su yi ta kiran mutane har a 2024 gwamnati ta taƙaita kiran talla tsakanin ƙarfe 9 na safe da 6 na yamma, bayan 'yan watanni kuma su koma gida ba su sayar da ko ɗaki ba. Kuma wanda ya fi kowa cin ribar wannan tsere shi ne mai shafin talla, da ke karɓar kuɗinsa ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ƙaramin dillali na kuka da wannan, kuma kukansa na kan hanya.

Matafiyin da ya dawo Kano ko Abuja ko Kaduna zai tarar rabin abin ya riga shi isowa. Dillalanmu sun iya bidiyo, sun iya ɗaga jirgi maras matuƙi a kan fegi, sun iya cewa “Alhaji, ranka ya daɗe, fuloti biyu suka rage.” Ɗaya rabin ne bai iso ba. A da, dillalin unguwa yana da abin da ke riƙe shi: a nan yake kwana, a nan yake sallah, mai unguwa zai sa hannu, shaidu maƙwabta ne, idan ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba shi da wurin ɓuya. Waya ta cire wannan igiya. Hoto ɗaya yana bi ta hannun 'yan kayi-nayi biyar, kowa ya ɗora nasa, mai saye a Jidda ko Landan bai san na farkonsu ba. Muna da tushen ginawa a kai, domin dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni, Abuja na da AGIS, Kano na da KANGIS, Legas ta kafa LASRERA don rajistar dillalai. Sai dai filaye masu yawan gaske ba su da takardar mallaka ta gwamnati, kuma babu abin da ke tilasta a haɗa talla da kundi. Hatta tallan gidajen Dubai, idan ya biyo ta wannan hanya, yakan iso an yanke gefen da alamar take, an maye gurbinta da lambar wani wakili da ke cewa a tura kafin alƙalami asusunsa da naira. Mai saye na da ikon neman lambar katin dillali, da lambar izinin tallan, da sunan asusun amana na aikin, ya duba su da kansa a manhajar hukuma. Daga Oktoban 2022 zuwa Yulin 2024 an dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar shiga Daular Larabawa, jiragen Emirates ma sai a Oktoban 2024 suka koma Legas. A tsawon wannan lokaci da yawan waɗanda ke biyan gida kaɗan-kaɗan ba su da hanyar zuwa su ga ko gini na tashi, kuma waɗanda cinikinsu ke cikin rajista ne kaɗai ke da inda za su duba ban da bakin wanda ya sayar musu.